Shin ƙwaya ce ta ba Johnny Ramone saurin hannu?

Tambaya: Malam, wata huɗu ke nan ina koyon salon Johnny Ramone, makaɗin jita na ƙungiyar Ramones ta Amurka. Wuyan hannuna na dama ya kumbura, da safe ko kofin shayi da ƙyar nake ɗagawa. Abokaina sun ce duk makaɗan pank, wato kiɗan rok mai tsananin sauri, da ƙwaya suke samun wannan saurin, wai in riƙa shan tiramol kafin in zauna koyo. Ina tsoron kar hannun ya nakasa.

Amsa: Ƙanena, jingine jitar nan tukuna, ka je asibiti a duba hannun. Salon Johnny duka ne daga sama zuwa ƙasa kawai, ba ya dawowa da bugu ta sama, kuma yana rataye jitarsa ƙirar Mosrite can ƙasa wajen cinya don hannu ya saki. Kai kuwa na tabbata kana ƙanƙame hannu kana dukan tsirkiya da ƙarfin tsiya. Daga nan kumburin ya fito.

Amma zancen ƙwayar nan shi ya fi tayar min da hankali, don kusan kullum sai na ji shi daga bakin ɗalibaina. Ƙarya ce. Johnny, wanda ainihin sunansa John Cummings, an haife shi a 1948, ya yi shaye-shaye yana saurayi, ya watsar tun kafin su kafa Ramones a unguwar Forest Hills ta New York a 1974. A cikin ƙungiyar shi ne mai tsare lokaci da lissafin kuɗi, tamkar sajan a barikin soja. Har makaɗin gangarsu Marky sai da aka sallame shi a 1983 saboda giya. Faifansu na farko na 1976 waƙa 14 ne cikin kusan minti 29, kuma kafin su yi ban kwana a 1996 sun hau dandamali sau 2,263. Wane mai maye ne zai riƙe wannan ƙa'ida shekara 22?

Waɗanda suka bi ƙwayar fa? Sid Vicious na ƙungiyar pank ta Sex Pistols ya mutu a 1979 yana da shekara 21, hodar heroin ta kashe shi. Dee Dee, abokin Johnny da suka kafa ƙungiya tare, ita ce ajalinsa a 2002. Abokanka ba su gaya maka wannan ba.

Tiramol ba ya warkar da jijiya, zafin kawai yake rufewa. Za ka ci gaba da duka kana ƙara ɓarna ba ka ji ba, ga shi yana iya jawo farfaɗiya. Na taɓa ganin yaro ya faɗi yana shure-shure a ɗakin koyo, jitar na rataye a wuyansa, sauran ƙwayar a aljihun rigarsa. Wani mai tallan magani a tire ne ya sayar masa, ya ce maganin gajiya ne. Irin waɗannan mutane su ji tsoron Allah, 'ya'yan mutane suke kashewa don naira kaɗan.

In likita ya ba ka izinin komawa, fara da minti goma a hankali, kafaɗa da yatsu a sake, ka riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan duk mako. Da ka ji zafi, tsaya. Allah ya ba ka lafiya.