Amsa ga wanda aka tura Wurno

Ƙanena, na ga tambayarka cewa an tura ka bautar ƙasa Wurno ta jihar Sakkwato, kana son sanin yadda garin yake da abin da za ka tarar na asibiti, ruwa da wuta. Na yi aikin malamin gona a yankin shekaru masu dama, don haka ga abin da na gani.

Wurno tana arewa maso gabas da birnin Sakkwato, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota, ta hanyar Achida. Garin a kan tudu yake, ƙasansa kuma fadamar gulbin Rima ce shimfiɗe har iya ganinka. Wannan fadamar ita ke juya komai na garin. Idan ka fahimci lokutanta ka fahimci mutanen, har da dalilin da zai sa ajinka ya cika yau, gobe ka tarar da rabin yara sun tafi dashen shinkafa. Kada ka ɗauka raini ne, abincin gida na shekara ake nema.

Da rani, sa'ad da ƙauyukan tudu suka bushe matasa suka tafi ci-rani, Wurno a lokacin take kore shar. Ruwan da ake sakowa daga madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, da rijiyoyin burtsatse na cikin gonaki su ke riƙe noman rani: shinkafa, albasa, tafarnuwa, alkama. Ka leƙa gona lokacin cire tafarnuwa ka ga yadda ake ɗaure ta dami-dami a baza a rana, warinta ya kama tufafinka har ka koma gida. Albasa kuwa a rudu ake adana ta, a jira ta yi tsada, kuma sau da yawa rabinta ya ruɓe kafin farashin ya tashi. A ganina wannan asarar ta fi ƙarancin taki cutar da manoman wurin, amma taki kowa ke kuka da shi. Gulbin da ke ciyar da su shi ne kuma ke cin su: ambaliyar 2010 ta shafe gonaki da gidaje da yawa a bakin Rima, har yau dattawa da ita suke kwatance.

Tarihi kuwa, kada ka yi wa garin kallon ƙauye. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu shi ya mayar da Wurno ribaɗi, wato sansanin tsaron iyaka, saboda hare-haren Gobirawa daga wannan sashe. Ya so zama a nan ƙwarai, a nan ya rasu a 1837, hubbarensa yana cikin garin, mutane na zuwa ziyara daga nesa. Ɗansa Aliyu Babba ma a Wurno ya zauna da fadarsa, shi ya sa da Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo a 1853 a nan ya yi zaman makonni. Sarautar garin Sarkin Sudan ce, wadda marigayi Alhaji Shehu Malami, tsohon jakadan Nijeriya a Afirka ta Kudu, ya taɓa riƙewa. Da ka sauka, ka sa shugaban makarantarku ya kai ka gaisuwa wurin masu gari. Mutanen nan suna lura da wanda ya gaishe su da wanda ya wuce.

Akwai babban asibiti da ƙananan asibitocin sha-ka-tafi a ƙauyuka, sun isa zazzaɓi da haihuwa marar matsala. Abin da ya fi haka Sakkwato ake wucewa, asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo. Ka zo da gidan sauro, wannan ba shawara ba ce, dole ce, domin sauron fadama ba ya hutun rani. Wutar lantarki kada ka dogara da ita, ka nemi ƙaramar sola ko fawa-bank, masu cajin waya kuma suna nan. Ruwa na burtsatse ne da 'yan garuwa. Kuɗi a wurin masu POS za ka riƙa cira. Zirga-zirga cikin gari da ƙauyuka sai kabu-kabu. Zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, kwana a waje za ka koya.

Maganar tsaro ba zan ɓoye maka ba. Gabashin Sakkwato, wajen Goronyo, Rabah, Isa da Sabon Birni, ya sha fama da 'yan bindiga, wasu ƙauyukan Wurno ma abin ya taɓa su. Cikin gari ana zaune ana harkoki, amma kada ka yi tafiyar dare, kuma kada ka shiga ƙauyen da ba ka sani ba sai da ɗan gari. Kafin ka fita ka tambayi direbobin tasha, su ke da labarin hanya na ranar. Ka tambayi wurin aikin naka tun yanzu ko suna da masauki, don ɗakin haya mai kyau ba ya daɗewa babu kowa a ciki.