Ɗana, ga amsar tambayarka a kan al'ajibi

Ɗana, saƙonka ya iso, ya karatu ya sanyin Gaundare? Ka ce a majami'ar da abokanka suke kai ka can Dang kusa da Gaundare kowace Lahadi sai an ga al'ajibi, mutane na faɗuwa ana shafa musu mai, amma mu a nan Garwa sai mace ta miƙe tana ba da shaida wai ta sauka lafiya a asibiti, ko tsoho ya kawo buhun dawa ranar godiya, ka ce to ina al'ajibin yake tunda likita ne ya yi aikinsa manomi kuma ya yi nomansa.

Toh gaskiyarka, likita ya yi aiki, manomi ma ya yi. Amma buɗe Yahaya sura 2 ka ga bikin Kana, ai ma'aikata ne suka ɗebo ruwa suka cika tuluna shida har baki kafin ya zama ruwan inabi. Mutum dubu biyar ɗin da suka ci suka ƙoshi kuwa, gurasa biyar da kifi biyu na wani yaro aka fara kawowa. Yesu ba ya rasa ikon yi shi kaɗai, amma ya so abin ya bi ta hannun mutane, kuma har yau yawancin aikinsa haka yake zuwa, shi ya sa idon da ya saba ba ya gani.

Kai ka san masakwa, dawar rani. Sai damina ta wuce ruwa ya ɗauke ake dasa ta a karal, wato ƙasar laka, a huda rami a ɗan zuba ruwa a sa dashe shi ke nan, babu ɗigon ruwan sama har a girbe wajen Janairu ko Fabrairu, ƙasar ta tsattsage amma ga zangarniya ta cika. Malamanku za su ce laka ce ta riƙe laima, na yarda ɗari bisa ɗari, sai dai wa ya ba laka wannan halin? Markus sura 4 ta faɗa, mutum ya watsa iri ya kwanta ya tashi, iri ya tsiro shi bai san ta yaya ba. Mu da muka ga farin 1973 da na 1984 mun san mutum yana iya yin noma iri ɗaya da na bara, gumi iri ɗaya, ya tashi da rumbu wayam. Tsohon da kake gani da buhu yana tuna waɗannan shekarun. Kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya ne tak ya komo ya yi godiya, to al'adar shaida da godiyar kaka ta komowar nan ce, kada mu zama cikin taran.

Su ma waɗanda suka kawo mana bishara ba su raba addu'a da magani ba. Gunderson, ɗan mishan daga Amurka, ya iso Gaundare a 1923, 'yan Norwe suka biyo a 1925, daga baya ga asibitin mishan nan a garin da kake zaune. Baba Simon, limamin Katolika ɗan Kamaru, da ya je Tokombere can arewa a 1959 yana hawan duwatsu ba takalmi, kusa da asibitin likita Maggi ya yi aikinsa. Luka kansa likita ne, Bulus kuma da Allah ya warkar da mutane ta hannunsa ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas.

Kar ka ɗauka ina musun warkarwa ta farat ɗaya fa, Allah yana yi kuma na gaskata da zuciya ɗaya. Shafa mai ma namu ne, Yakubu sura 5 ta ce mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a su shafa masa mai, muna yi har gobe, a ɗakinsa, ba lasifika ba kuɗi. Abin da yake ci mini rai shine kwalbar mai ko ta ruwa da ake sa wa farashi. Elisha ya ƙi karɓar komai daga Na'aman, Gehazi da ya bi bayansa ya karɓa kuturta ya kwasa, Siman mai sihiri da ya miƙa kuɗi don ya sayi ikon Ruhu ka karanta abin da Bitrus ya gaya masa a Ayyukan Manzanni sura 8. Mafi muni kuma a ce wa mai hawan jini ko ciwon suga ya zubar da maganinsa wai shan magani rashin bangaskiya ne, wannan rai ake wasa da shi, idan ka ji an faɗi haka a gabanka ka ɗauki Littafinka ka fita.

In kana son ci gaba da zuwa can ban hana ka ba, amma ka duba ko ana koyar da Maganar Allah, ka duba ko gwauruwar da ba ta da ko dala ana yi mata addu'a kamar yadda ake wa mai mota. Tarin nan kuma da mamarka ta ce ya daɗe yana damunka, ka je asibiti satin nan a auna ka, mu ma ranar Laraba za mu sa ka a addu'a. Ka gaida abokan naka.