Tumatir, albasa da kuɓewa a fili ɗaya: yaya za a jera su?

Hajiya, kin ce kina da ɗan fili a bayan gidanki a Barnawa, kina son shuka tumatir, albasa, kuɓewa da alayyahu, kuma kina tambayar wanne zai zauna kusa da wanne.

Ki fara da tazara, domin a nan ne yawancin masu lambun gida suke kuskure. Ki bar santimita 50 zuwa 60 tsakanin tumatir da ɗan'uwansa, ki kafa wa kowanne sanda ki ɗaure shi, saboda ruwan watan Agusta a Kaduna yana da yawa, kuma idan ganye ya cunkushe iska ba ta ratsa shi, laima takan zauna ta jawo ruɓewa. Albasa kuwa santimita 10 ya ishe ta, don haka ki jera ta a gefen kunyar tumatir, tunda saiwarta ba ta nisa.

Kuɓewa tana yin tsawo, saboda haka ki kai ta ƙarshen fili, inda inuwarta ba za ta rufe sauran ba, da tazarar santimita 40. Alayyahu yana isa yanka cikin wata guda, ki watsa shi tsakanin layuka kafin kuɓewar ta buɗe.

Abin da na fi so ki kiyaye shi ne, tumatir, attarugu da yalo dangi ɗaya ne, cututtukansu ma iri ɗaya, kada ɗaya ya gaji wurin ɗaya. Idan kin cire tumatir, ki sa wake a wurin, domin yana ƙara wa ƙasa ƙarfi.