Me ya sa Turawan Amurka suka fi baƙaƙen fata dukiya?

Tambaya: Malam, an daina bauta a Amurka tun 1865, yau kuma kowa na aiki yana karɓar albashinsa. To me ya sa har yanzu Turawa suka fi baƙaƙen fata dukiya nesa ba kusa ba?

Amsa: Ɗan'uwa, albashi daban, dukiya daban. Albashi cinye shi ake yi, dukiya kuwa gida ce da gona da ajiya, abin da uba ke bar wa 'ya'yansa. Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna iyalin Bature mai matsakaicin hali na da dukiyar kusan dala 285,000, na baƙar fata kuwa kusan dala 45,000. Akwai hannun gwamnati dumu-dumu a wannan giɓin.

A 1865 Janar Sherman, wani babban kwamandan sojojin Amurka, ya ba da umarnin a yanka wa 'yantattun bayi gonaki, eka 40 kowane iyali. Shekarar ba ta ƙare ba Shugaba Andrew Johnson ya mayar wa iyayengijinsu na da filayen. A daidai lokacin wata dokar 1862 na raba eka 160 ga mai son noma a yammacin ƙasar, kuma akasari Turawa ne suka amfana.

Amma a ganina inda aka fi karya su shi ne harkar gidaje. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnati ta zana taswirar birane fiye da 200, ta shafa wa unguwannin baƙaƙen fata jan launi, wato alamar haɗari. Hukumar gidaje ta FHA, da aka kafa a 1934, ta ƙi tsaya wa bashin sayen gida a irin waɗannan unguwanni. A Levittown kusa da New York, Bature kan sayi sabon gida a kan kusan dala 8,000, yana biya kaɗan-kaɗan, alhali takardar gidan ta haramta wa wanda ba Bature ba zama a ciki.

Har sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu ba su tsira ba. A jihar Misisifi a 1947, cikin basussuka fiye da 3,000 da gwamnati ta tsaya wa tsofaffin sojoji, biyu kacal baƙaƙen fata suka samu. Abin da ciwo, tare fa suka yi yaƙin.

Sai a 1968 doka ta hana wariya wajen sayar da gidaje. Kafin nan gidajen sun yi tsada, Turawan da suka saya da araha kuma sun riga sun jinginar da su sun kai 'ya'yansu jami'a, sun bar wa jikoki gado.