Kwana 19 da dawowa makaranta, har yau ban kwance akwatina ba

Assalamu alaikum Anti,

Ni ɗaliba ce mai karatun likitanci a wata ƙasa can gabas, ina shekara ta uku cikin shida. Don Allah ki sakaya sunana.

Bana ne karon farko da na je gida tun zuwana, na yi sati shida. Yau kwanana 19 da dawowa, amma wallahi kamar gangar jikina ce kawai ta hau jirgi. Akwatina na nan bayan ƙofa, buroshi da caja kaɗai na ciro. Ko agogon hannuna ban gyara ba, lokacin gida yake nunawa, alhali tsakaninmu awa 7 ne. Ba na iya runtsawa sai na kira Umma bayan ta gama hidimarta, ƙarfe tara na darensu, wato huɗu na asuba a nan. Ƙarfe takwas kuma ina da lacca.

Wannan zangon muka shiga ilimin magunguna da na cututtuka, ga jarrabawa nan da sati uku. Sai in karanta shafi ɗaya sau huɗu ban riƙe komai ba. Shekaranjiya malami ya tambaye ni jijiyoyin kai 12, abin da na haddace bara kamar sunana, na kawo bakwai na tsaya cak, aji ya yi tsit. Banɗaki na shiga na yi kuka na ƙoshi. Abinci ma sai na tilasta wa kaina.

Abin da ya fi ci min rai, a gida kowa "Dakta" yake kirana, kuma na san wahalar da Abba yake sha kafin ya haɗa kuɗin makaranta. Da wane baki zan ce masa na gaji? Anti, in haƙura in koma gida ne? Ko dai dama ba ni da kan wannan karatun?

'Yarki mai neman mafita

Wa alaikumus salam 'yata,

Wadda ba ta da kan karatu ba ta kaiwa shekara ta uku a likitanci, a ƙasar da ba tata ba. Wannan zargin ki ajiye shi. Maganar barin makaranta kuma ba yanzu ba. Mutumin da ke kwana awa uku ba shi ne zai yanke hukunci kan rayuwarsa ba.

Agogon nan na hannunki ya fi komai tsaya min a rai. Ke kin fi ni sanin cewa jiki yana da nasa agogon, wanda hasken rana ke saitawa. In an tsallaka lokaci da jirgi, yakan ɗauki kusan kwana ɗaya kan kowace awa kafin ya daidaita, kuma tafiya gabas ta fi wuya, don ana neman jiki ya kwanta tun bai shirya ba. To awa 7 aikin sati ɗaya ne, ko ya ɗan haura. Ke kin kusa sati uku, domin kullum dare kina mayar da jikinki gida da wayar nan. Ba laifinki nake gani ba, kewar uwa ba ƙaramin abu ba ce. Amma gobe ki gyara agogon. Ki roƙi Umma ku mayar da hirar zuwa bayan azahar ɗinsu, daidai lokacin da ke kike shirin kwanciya. Ki tsayar da lokacin tashi ɗaya ko da daren bai yi daɗi ba, ki fita hasken rana, ki bar kofi daga la'asar. Kada kuma ki rubuta wa kanki maganin barci don kin fara sanin sunayensu.

Jijiyoyin da suka ɓace miki ba su tafi ba. Tun 1885 wani masanin halayyar ɗan Adam Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri in ba a waiwaye shi ba, amma sake koyonsa ya fi na farko sauƙi nesa ba kusa ba. Sati shida ba littafi, ga rashin barci, mantuwa dole ce. Ki daina maimaita shafi. Karanta kaɗan, rufe littafin, rubuta abin da kika riƙe, gobe ki sake gwada kanki. Ki nemi tsoffin tambayoyin jarrabawa, ki samu abokiyar karatu guda ɗaya wadda za ta ƙwanƙwasa miki ƙofa in ba ki fito ba.

Yanzu ga abin da nake so ki ji da kunnen basira. Kuka, rashin cin abinci, rashin barci, kasa tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba, kuma sun haura sati biyu. Da mara lafiya ce ta zauna gabanki ta lissafo waɗannan, me za ki rubuta? Ba zan ce kina da ciwon damuwa ba, ban isa in faɗi haka daga wasiƙa ba, amma ya kai a duba ki cikin satin nan. Je ki asibitin makaranta ko wajen masu ba ɗalibai shawara, ki gaya musu komai har da inda kika yi tafiya. Ƙarancin jini ma na iya kawo irin wannan kasala, kuma in zazzaɓi ya biyo baya kada ki kwana ba a gwada ki ba. Wani babban nazari da mujallar likitanci ta JAMA ta wallafa a 2016, wanda ya haɗa ɗaliban likitanci daga ƙasashe sama da 40, ya gano kusan kashi 27 cikin 100 suna da alamun damuwa, amma kusan kashi 16 ne kawai cikin waɗannan suka nemi magani. A ajin nan da ya yi miki tsit, akwai masu kukansu a ɓoye. In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa gilma miki, yau za ki je, ba gobe ba, kuma ki tafi da wani.

Sunan "Dakta" ƙauna ce, ba bashi ba. Umma tana jin muryarki kullum da dare, kina zaton ba ta gane akwai abin da ke damunki ba? Ki faɗa mata gaskiya. Ki kuma sanar da malamin da ke kula da ajinku tun kafin jarrabawa, don uzurin da aka kawo da wuri ya fi karɓuwa. In zangon ya ƙare, barcinki ya dawo, kina cin abinci, amma har yanzu zuciyarki ba ta tare da likitanci, to sai ku zauna da Abba, kuma zan goyi bayanki ki faɗi abin da ke ranki.

Akwatin nan kuma kada ki kwance shi ke kaɗai. Kira wata cikin 'yan ajinku ranar Asabar ta taya ki jera kayan. Ki sake rubuto min bayan kin ga likita, ina jira.

Antinki