Haƙƙin iyalin malamin makaranta bayan rasuwarsa

Hajiya, kin ce mijinki malamin makarantar gwamnati ne a Tahoua, ya rasu bai kai ritaya ba, kina tambaya ko ke da yara kuna da wani haƙƙi. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri.

Kuna da shi. Fanshon cikakken ma'aikacin gwamnati yana hannun CARENI, wato asusun fanshon ma'aikatan gwamnatin Nijar, na malamin makaranta mai zaman kanta kuma yana CNSS, wato asusun kula da jin daɗin ma'aikata na ƙasa. Akwai kason matar mamaci, akwai na marayu. In ya bar mata fiye da ɗaya, kason matan ne ake raba musu.

Takardu su ne ke wahalar da mutane. Ki karɓi takardar rasuwa a ma'aikatar magajin gari tun da wuri, ki haɗa da takardun haihuwar yara, lambar aikinsa, da takardar zaman dangi daga kotu. Sai takardar aure. Da yawanmu a ƙofar gida aka ɗaura mana aure, aka raba goro, ba a rubuta komai ba. In haka naki yake, ki je kotu da shaidu a yi miki takardar hukunci da za ta tsaya a madadinta.

Don Allah kada ki miƙa wa kowa takardun asali, ko da ƙanin marigayin ne. Ki ba da kwafi, na asalin ki ajiye su a akwatinki.