Amsa kan ma'aunin ruwan sama da yadda ake gane guguwar teku na ƙara ƙarfi

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwanmu da ke zaune a Tampa ta jihar Fulorida ya haɗa tambaya biyu. Ya kafa ma'aunin ruwan sama a tsakar gidansa tun watan Yuni, amma lissafinsa bai taɓa zuwa ɗaya da na filin jirgin sama ba. Sannan ga guguwa tana haɗuwa a tekun Mekziko, yana son sanin me zai duba ya gane ko ƙarfi take ƙarawa.

Malam, bambancin da kake gani ba lallai ne laifin ma'auninka ba. Ruwan Yuni zuwa Satumba a Fulorida ruwan hadarin la'asar ne. Rana ta gasa tudu, iskar teku ta shigo daga yamma, wata ta taso daga gabar Atlantika, inda suka yi karo nan hadari ke tashi. Faɗin irin wannan hadari sau da yawa bai wuce 'yan kilomitoci ba, shi ya sa sai a tsuge milimita 50 a unguwarku, filin jirgi kuma ko yayyafi bai samu ba. Duk wanda ya yi noma a gida ya san wannan: gonar gabas ta sha, ta yamma ƙura na tashi. Kada ka kwatanta rana da rana. Tara jimillar wata uku ka kwatanta. Idan a nan ma kullum kai ne a ƙasa, kuma da tazara mai yawa, to sai a tuhumi ma'aunin.

Kuma yawanci ba kwalbar ce da laifi ba, mazauninta ne. Tsakanin ma'auni da kowace bishiya ko katanga a samu tazarar da ta ninka tsayin abin sau biyu, in da fili sau huɗu. Bishiya mai tsayin mita 6 ke nan tana son a nisance ta da mita 12 aƙalla. A gidajen birni da wuya a samu haka, sai ka zaɓi wurin da sama ta fi buɗewa, ka ɗaga ma'aunin kamar mita ɗaya da rabi. A fili fetal kuwa ƙasa-ƙasa ya fi, wajen santimita 60, domin iska ta fi gudu a sama, tana kwashe ɗigon ruwa ta tsallake bakin mazurari. Wannan ne dalilin da ya sa ma'aunin kan rufin ɗaki yake yi wa mai shi ƙwauron lissafi. Bakin ma'aunin ya zarce kan turken da ka ɗaure shi, a kuma fiƙe kan turken ya karkata waje, in ba haka ba ruwan da ya bugi katako zai yi tsalle ya faɗa ciki. Ka ɗora abin gwada daidaito na magina, mai ɗigon iskan nan, a kan bakinsa. Karkata kaɗan ta isa ta sa ruwan da ya zo ta wani ɓangare ya fi shiga. Ka kuma lura da bututun ban-ruwan ciyawa da ke kunna kansa da asuba, naka da na maƙwabci. Ya sha sa mutane rubuta ruwa a daren da taurari suka kwana a fili.

Irin ma'aunin da masu sha'awar abin ke amfani da shi a Amurka shi ne na ƙungiyar sa-kai ta CoCoRaHS, wadda aka kafa a 1998 bayan ambaliyar garin Fort Collins ta 1997. Bakinsa inci 4 ne. Akwai mazurari, da siririyar kwalba a ciki mai ɗaukar inci ɗaya, wato milimita 25.4, da babbar kwalba ta waje wadda ke tare abin da ya tumbatsa, gaba ɗaya kusan inci 11. Ana karantawa sau ɗaya a rana, ƙarfe 7 na safe, kullum a wannan lokacin. Ka kawo kwalbar daidai idonka, ka karanta ƙasan lanƙwasar saman ruwan, ba gefen da ya hau jikin kwalba ba. Idan ta cika ta zube cikin babbar, rubuta incin farko tukuna, ka zubar, sannan ka riƙa tsiyaya na babbar ta mazurari kaɗan-kaɗan, kana rubuta kowane awo kafin ka zubar. Mai cewa zai riƙe a ka, a awo na huɗu yake rikicewa. Ranar da ba a yi ruwa ba ka rubuta sifili, kada ka bar gurbin fanko, domin fanko na nufin ba a duba ba.

Idan na lantarki ne da kai, mai ɗan cokali a ciki da ke kifewa duk sanda ya tara milimita 0.2 ko makamancin haka, ka san halinsa. A ruwa mai sauƙi yana da gaskiya. In ana yi kamar da bakin ƙwarya, ruwan da ya zubo a daidai lokacin da cokalin ke kifewa ba ya shiga lissafi, sai ya ba ka ƙasa da abin da ya sauka. Ga gizo-gizo da ke saƙa a jikin cokalin, ga tururuwa, ga kashin tsuntsu da ke toshe mazurari. Alamar toshewa ita ce ruwa ya ɗauke tun la'asar amma na'ura na ta ƙirga ɗigo har tsakar dare. Amfaninsa shi ne nuna saurin saukar ruwa. Jimilla kuwa ta kwalba ce abin dogaro.

Ga 'yan'uwa na gida da ke son gwadawa ba tare da sayen komai ba: milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Mazurari mai faɗin baki santimita 20, kowane mililita 31.4 da ya tara milimita ɗaya ne. In ka auna ka samu mililita 470, an yi milimita 15 ke nan.

Sai guguwa. Ka bar hotunan da ake yawo da su a WhatsApp da Facebook, masu layuka barkatai kamar taliya, musamman wanda aka tsamo hasashen kwamfuta guda na kwana goma aka zagaye garinku da jan layi. Tushen labari shi ne cibiyar guguwa ta ƙasa da ke Miami, wato NHC. Tana fitar da cikakkiyar sanarwa sau huɗu a rana: 5 na asuba, 11 na safe, 5 na yamma da 11 na dare agogonku na lokacin damina. A agogon Najeriya da Nijar, 10 na safe, 4 na yamma, 10 na dare da 4 na asuba ke nan. Idan an fara gargaɗi ga wata gaɓa, ana ƙara gajerun sanarwa duk awa uku. Buɗe shafi a littafin da kake rubuta ruwa, kowace sanarwa ka ɗauki lamba uku: matsin iska a tsakiyar guguwar, gudun iskarta, da saurin tafiyarta.

A cikin ukun, matsin iska ya fi saurin tona asiri. Ana auna shi da miliba, matsakaicinsa a bakin teku 1013 ne, kuma duk yadda ya yi ƙasa a tsakiyar guguwa, haka iskar kewaye ke ƙara rugawa ciki. Sau da yawa shi ke fara faɗuwa, gudun iska ya biyo baya da 'yan awanni. Lamba guda ba ta faɗa maka komai, jerin ne ke magana. 990, 988, 987 guguwa ce mai rarrafe. 985, 972, 955 a sanarwa uku a jere, wannan ta tashi haiƙan. Ka kuma karanta bayanin masanin da ke bakin aiki, wanda ke fita tare da kowace cikakkiyar sanarwa, ka ga ko lambar daga jirgi ta fito ko daga hoton tauraron ɗan'adam aka ƙiyasta ta. Jiragen sojan sama da ke tashi daga Biloxi ta Misisipi, da na hukumar yanayi da teku ta Amurka, NOAA, daga Lakeland kusa da ku, suna ratsa guguwar har cikin idonta, wato tsakiyarta inda iska ke lafawa, suna sakin 'yan na'urori masu lema da ke aiko da matsi da gudun iska har su faɗa teku. Wannan awo ne, wancan kintace.

Abin da masana ke kira ƙaruwar gaggawa yana da ma'auni: gudun iska ya ƙaru da mil 35, kimanin kilomita 55 a awa, cikin awa 24. Tana son ruwan teku mai ɗumin digiri 26.5 zuwa sama, kuma ɗumin ya yi zurfi. Guguwa tana dama teku kamar fura, in sanyi na kusa da sama sai ta tono shi ta kashe wa kanta wuta. A tekun Mekziko akwai wata igiyar ruwan ɗumi mai zurfi da ke shigowa ta tsakanin Yukatan da Kyuba. Guguwar Katrina ta bi ta kanta a 2005 ta kai rukuni na 5, matakin ƙoli a ma'aunin ƙarfin guguwa. Guguwa tana kuma son iskar sama da ta ƙasa su daidaita. In suka saɓa, sai su karkatar da guguwar, ka ga gajimare ya taru gefe guda, tsakiyar ta fito tsirara. Busasshiyar iska ma na shaƙe ta. A hoton tauraro, abin tsoro shi ne gajimare ya dunƙule ya zama da'ira, ido ya buɗe ƙarami, tsaf, zagaye. Wilma a 2005 idonta bai kai kilomita 4 ba lokacin da ta sauka miliba 882, mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa a Atlantika. Milton kuwa, wadda mutanen Tampa ba su manta ba, ranar 7 ga Oktoba 2024 tsakar dare tana rukuni na 1, kafin azahar ta shiga na 5, da dare matsinta ya sauka ƙasa da 900. Otis ta yi wa birnin Akapulko na ƙasar Mekziko irin haka a Oktoban 2023, hasashen kwamfutoci bai hango ta ba.

Akwai tarko a nan. Babbar guguwa kan gina sabuwar katangar gajimare a wajen ta farko da ke kewaye da ido, ta cikin ta rushe, sai ka ji an ce ta sauko daga rukuni na 5 zuwa na 4 ko na 3. Mutane su saki jiki. Alhali faɗi ta ƙara, iskarta ta mamaye teku mai yawa, ruwan da take turowa gaɓa ya ƙaru. Lambar rukuni iska kaɗai take aunawa: na 1 daga kilomita 119 a awa, na 3 daga 178, na 5 daga 252. Ba ta cewa komai kan ruwa, kuma ruwa ne ya fi kisa. Katrina a rukuni na 3 ta sauka, amma teku ta hau gaɓar Misisipi da fiye da mita 8.

Haka nan farin zanen nan mai siffar kakaki da ke kan taswirar hasashen NHC. Hanyar tsakiyar guguwa kawai yake nunawa, kuma an zana faɗinsa ne yadda tsakiyar za ta kasance a ciki kamar sau biyu cikin uku. Ba girman guguwar ba ne. Helene a Satumban 2024 ta wuce can nesa yamma da Tampa, ta je ta sauka arewa, amma ta cika unguwannin bakin ruwa da teku. A gaɓarku ta yamma, ɓangaren da ido ya bi shi ne magana. Iskar guguwa tana juyawa ne saɓanin hannun agogo, don haka in ido ya sauka arewa da ku, iska na tura teku cikin mashigin Tampa. In ya sauka kudu, kamar Milton a Siesta Key, sai ta janye ruwan waje har a ga taɓo. Tazarar kilomita 30 ko 40 na iya sauya wannan, kuma hasashen kwana biyu bai kai ga wannan daidaito ba. Saboda haka ka san harafin yankinku na ƙaura, A zuwa E, in an kira shi ka tafi, littafin lissafi ya biyo ka a jaka.

Lamba ta uku, saurin tafiya, nan ne tambayoyinka biyu suka haɗu. Akwai tsohon ƙiyasi na masana: raba 100 da saurin tafiyar guguwa a ma'aunin not na jiragen ruwa, wanda ya ɗan fi mil a awa, ka samu kimanin incin ruwan da za ta iya zubarwa. Mai tafiya 20, inci 5. Mai tafiya 5, inci 20. Ƙiyasi ne kawai, amma yana nuna inda haɗarin yake. Harvey a Agustan 2017 ta tsaya cak a kan Texas, ƙarfin iskarta ya riga ya faɗi, ta zubar da milimita 1,539 kusa da garin Nederland na jihar cikin 'yan kwanaki, abin da ya fi matsakaicin damina guda ta Kano. Yanzu koma ga littafinka, tara ruwan mako biyu da suka wuce. Idan ƙasa ta riga ta ƙoshi, duk abin da guguwa ta kawo kan titi zai gudana, kuma bishiyoyi kan tuge da saiwarsu a iskar da ba za ta kayar da su a busasshiyar ƙasa ba.

A gefe, ga abin da zai ba 'yan gida sha'awa: Harvey ɗin nan asalinta daga gaɓar Afirka ta Yamma ta fito. Hadarin gabas da ke ratsa Chadi, arewacin Najeriya da Nijar a watan Agusta yana tafiya ne da wata lanƙwasar iska da ke wucewa yamma duk kwana uku zuwa biyar. In ta fita teku ta wajen Senigal da tsibiran Kef Bad, akasari watsewa take yi, sau da yawa saboda busasshiyar iskar Sahara mai ƙura. 'Yan kaɗan da suka tsira su ne tushen mafi yawan manyan guguwoyin Atlantika. Amma ba duka ba. Wasu a tekun Mekziko ko Karibiyan suke haɗuwa, kuma su ne ba sa ba da lokaci.

Game da ma'aunin a ranar guguwar: ka zazzage shi tas kafin iska ta fara, ka ƙara ɗaure shi da turke. Na roba mara nauyi ka shigar da shi ɗaki, kada ya zama abin jifa. Kada ka fita karantawa sai an ce ta wuce, ko da an yi tsit, domin tsit ɗin na iya zama ido ne. Abin da ka samu bayan nan ka rubuta shi a matsayin jimillar kwanaki, da ranar farko da ta ƙarshe, ka ƙara da cewa ƙasa da gaskiya ne, tunda ruwan da iska ke korawa a kwance ba ya shiga mazurari. In ka tarar da babbar kwalbar cike fal, rubuta cewa ta tumbatsa. A daren Milton an auna fiye da inci 18 a St. Petersburg, ƙetaren ruwa daga gare ku, kwalbarka kuwa 11 take ɗauka.